Kaka Ta Ce Da Sauƙi

Masu turo mini saƙo kuna tambayar kalar yayi, wato ankon biki, ku dakata da zuwa kasuwa tukuna. Kada wata ta yanke atamfa saboda ni. Bayan abin da na aikata ranar Alhamis ɗin nan ban sani ba ko da sauran biki, kuma gara ku ji daga bakina kafin matan layinmu su ƙara masa gishiri da barkono.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Ruwaida, a Aboabo nake cikin Kumasi, ina koyar da yara a wata makarantar Arabiyya. Ni ce wadda duk ƙannenta mata suka riga ta aure. Kun san irin wannan gidan. Ko tari na yi, Mma, mahaifiyata, za ta ce da a ɗakin mijina nake da ya kawo mini ruwa. Ko wake da shinkafa na dafa ya yi daɗi, sai ta yi ajiyar zuciya ta ce kaico, ga hannu ba mai ci.

Sai Allah Ya kawo Sulemana. Ɗan Buokrom ne, babansa Badagombe, mamarsa Ba'asantiya, karatunsa duk a Accra ya yi. Dogo ne mai tabarau, mai natsuwa, rigarsa kullum a goge kamar za shi ɗaukar hoton fasfo. Hausarsa kuwa ta bakin titi ce, babu mace babu namiji a cikinta. Ranar da ya fara ce mini “Ruwaida, ina sonka,” sai da na waiga ko yayana ne tsaye a bayana. Amma ina sonsa, jama'a. Na faɗa, kuma ban ji kunya ba. Mutum ne da bai iya ƙarya ba ko ta wasa.

Ranar da ya zo gaida Mma, ta tambaye shi sana'arsa. Ya durƙusa ya ce, “Mma, a asibitin gwamnati ni ke aiki. Aikina da tabilet ne.”

Mma ta gyara zama. “Tabilet? Na sha?”

Kafin ya buɗe baki ya yi bayani, ta riga ta miƙe ta ɗebo masa lemo mai sanyi. Kafin magariba kuwa babu gidan da bai ji ba a layinmu: Ruwaida ta samu dokta. Alhali tabilet ɗin Sulemana ba ƙwaya ba ce, babbar waya ce mai faɗin faranti. Aikinsa shi ne ya bi gadajen marasa lafiya yana tambayarsu yadda asibitin yake kula da su. A fuskar na'urar akwai hotuna uku: koriyar fuska mai dariya, rawaya mai lallausan baki, da ja mai ɗaure da fuska. Abin da mara lafiya ya faɗa, shi zai danna, daga nan manya su san wane ɗaki ne ke aiki, wane ne ke barci. Na yi wa Mma wannan bayanin har na gaji. Ta ce ko ma mene ne, mutum ne mai rataya kati a wuya a cikin asibiti, saboda haka dokta ne.

Ana cikin shirin cewa ranar Lahadi kawunnansa za su kawo goron neman aure, sai ciwon suga ya tasar wa Kaka Hamamatu, mahaifiyar Mma. Ƙusa ta soke ta a ɗan yatsan ƙafa a tsakar gida, ta ce ba komai, ta shafa man kaɗanya. Wurin ya ƙi warkewa, ƙafar ta kumbura, aka kwantar da ita a ɗakin mata. A wane asibiti? A na Sulemana mana. Ba zan faɗi sunansa ba, na riga na yi ɓarnar da ta isa.

Tun a cikin keke mai ƙafa uku da muke kira pragya, da kular abinci a cinyata, Mma ta kafa mini doka.

“Ki ji ni da kyau. Asibitin nan gidan surukanmu ne. Ba a shiga gidan surukai a ce miya ba gishiri. Ko kin ga kuskure ki haɗiye shi. Na san bakinki.”

“Mma, asibitin gwamnati ne fa, ba na babansa ba.”

“Ei! Kin fara ke nan tun ba mu isa ba.”

Kuma wallahi akwai abin haɗiya. Famfon banɗaki sai ya ga dama yake zuwa, sai mun sayi ruwan leda mun tara a bokiti. Fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma da kuka. Nas ɗaya tal ke riƙe da ɗakin da rana, wata siririya da ke gudu tsakanin gadaje har takalminta ya cinye ta gefe guda. Ban ga laifinta ba, hannu biyu gare ta kamar kowa. Wanda ya fi ihu, wurinsa take fara zuwa.

Wadda ta fi kowa ihu kuwa ita ce maƙwabciyar gadon Kaka, Maame Akosua, wata ƙatuwar Ba'asantiya mai sayar da busasshen kifi a Krofrom. Ita ma ƙafa ce ta kawo ta. Ta daɗe tana ciniki da mutanen zango, don haka tana jin Hausa, tana kuma yin ta yadda ta ga dama.

Rannan da hantsi ina zaune ina ba Kaka koko marar suga, tana yatsina fuska, sai ga Sulemana ya shigo zagayensa, da tabilet a ƙirji. Na gyara mayafi. Ya fara da Maame Akosua. Bai ma gama tambaya ba ta fizge na'urar ta danna jar fuskar da babban yatsa har sai da na ji tausayin gilashin.

“Ɛnyɛ koraa!” ta ce. “Ba kyau sam! Ruwa babu, fanka babu, shinkafa kamar tsakuwa. Rubuta! Rubuta Akosua ya faɗa!”

Ya rubuta, bai ko ɓata rai ba. Ashe dokar asibitin ce, duk wanda ya danna ja dole nas ta zo ta duba shi a ranar. Shi ya sa kullum ake wanke wa Maame Akosua ciwonta, ana naɗa mata sabon bandeji fari tas, ita kuma tana zaginsu suna naɗawa.

Ya juyo wurin Kaka ya rusuna. “Kaka, ina kwana? Yaya jikinka?”

Fuskar Kaka ta washe. Kun san wasan kaka da saurayin jika, tun ranar farko ta ce ita ya zo nema, ni 'yar rakiya ce.

“A'a, mijina ne da kansa? Da sauƙi, alhamdulillahi.”

“Ciwon ƙafa fa?”

“Da sauƙi.”

“Nas yana zuwa wurinka a kan lokaci?”

“Alhamdulillahi. Allah Ya yi musu albarka.”

Ya danna koriya, ya danna koriya, ya sake danna koriya. Kaka ta leƙa ta ga jar fuskar ta ce, “Wannan kuma wace mai baƙin rai ce? Kawar da ita daga gabana, ni ba na yi wa Ubangiji butulci.” Sannan ta kama hannun rigarsa. “Amma kai wane irin miji ne? Ka kawo amarya gidanka, ba ruwa, ba iska, ƙannenka masu fararen kaya ko leƙo ni ba sa yi. Zan yi yaji fa.”

Sulemana ya yi dariya har tabaransa ya zamo. Ni ma na yi. Tsofaffin zango da ke sauran gadajen suka taya mu. Daga nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya tambaya sai ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Har da wata Hajiya da ke can ƙarshe, wadda muryarta ba ta fita sai an kai kunne bakinta. Ita ma da sauƙi. Ya fita daga ɗakin da na'ura cike da koren dariya.

Ranar Talata da la'asar ina gyara wa yara allo, wayata ta yi ƙara. Saƙon Sulemana ne.

“Ruwaida albishirinka! Dakin su Kaka shi ne namba wan a duk asibiti. Manya za su zo daga ofishin yanki ran Alhamis su ba da kambu. Ni zan yi bayani a gabansu.”

Na tura masa fuskar dariya da tafi. Wani saƙon ya sake shigowa.

“Kuma dokta ya ga amsoshin Kaka, kullum yana cewa da sauki. Za a sallame shi ran Alhamis din bayan baki sun tafi. Zai kasance a gida ranar Lahadi!”

Na rubuta, “Yaya Sule, ka san fa mu in an ce yaya jiki, da sauƙi ake cewa ko yaya ake ciki.”

“Na sani gaisuwa ne. Amma na tambaye shi sau da yawa. An koya mana kada mu sa wa mara lafiya magana a baki. Abin da ya fada da bakinshi shi ne gaskiyarshi. Akwai matsala ne?”

Ku faɗa mini, 'yan'uwa mata, me kuke amsawa idan saurayin da kawunnansa za su zo ranar Lahadi ya ce akwai matsala ne? Na rubuta masa, “Ba komai.” Ni ma jikar Kaka ce. Kuma a gaskiya ban ga wani abin tsoro ba a lokacin. Kaka tana ci, tana wasa, tana tsokanar kowa. Ƙafar dai kullum a lulluɓe take da zani, in na kai hannu sai ta buge ni ta ce sanyi take ji. Ta kuma sa Mma ta kawo mata kwalbar turarenta na Makka, tana ta fesawa, muka ce tsohuwa ta ga miji tana gayu.

Da Mma ta ji cewa Kaka aka zaɓa manya su yi wa tambaya, sai ta mayar da abin walima. Safiyar Alhamis ta fito da leshinta ruwan zuma wanda ba ya fita sai suna ko biki, ta kafa ɗauri mai hawa biyu, ta zuba awarwaro har gwiwar hannu. Ni ta tilasta mini doguwar riga shuɗiya mai duwatsu a wuya, da takalmi mai tsini wanda ke cizon ɗan yatsana. Ta dafa tuwo zafi da miyar ayoyo a babbar kula, wai ko baƙin za su ɗanɗana. Na ce Mma, asibiti za mu. Ta ce ai a asibitin ne za a gan mu.

Ɗakin mata kuwa ban gane shi ba. An goge ƙasa har tana ɗaukar ido, an shimfiɗa sababbin zannuwan gado, fankoki duka suna juyawa, famfo yana zuba kamar bai taɓa fushi da kowa ba. An ajiye furen roba a kan taga. Nas-nas har huɗu, ban san daga ina aka aro su ba. Mma ta ce, “Kin gani? Da kin yi surutu da kin ji kunya.” Ta fita neman wurin da za ta ajiye kula.

Kaka tana gyangyaɗi. Sai na ji an ja gefen rigata. Maame Akosua ce, kuma a karo na farko tun da na san ta, a hankali take magana.

“Me ba, ɗana, zo nan. Kakanka ba shi da lafiya koraa. Kowa ya yi barci, shi yana nishi, yana cizon zani. Tun da aka naɗa mishi ƙafa ɗin nan, ni ban ga an buɗe ba. Na ce mishi danna ja, danna ja! Ya ce a'a, yaron zai ji kunya.”

Na juya na ɗaga zanin a hankali. Turaren Makka ya yi iya ƙoƙarinsa, amma abin ya fi ƙarfinsa. Bandejin ya koma ruwan ƙasa, ya manne, ya jiƙe. Saman ƙafar ya yi baƙi-baƙi yana sheƙi, kumburin ya haura idon sawu. Kaka ta buɗe ido ta fizge zanin da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

“Ke! Wa ya aike ki?”

“Kaka, wannan ƙafar za a sallama yau?”

“Rufe mini baki. A gida zan sa mata magani. Ki bar yaron nan ya karɓi abinsa, Lahadi ta zo ta wuce lafiya. In kika yi magana ban yafe ba.”

Na fita baranda da gudu, takalmi yana cizona. Na kira Sulemana, wayar tana ta ringi ba a ɗauka. Na tura saƙo, “Ka zo yanzu, ƙafar Kaka ta lalace.” Saƙon ya shiga, ba a buɗe ba. Na tare wata nas, ta ce in jira baƙi su wuce, yanzu ba a taɓa komai, an riga an gyara gadaje. Na nemi Mma, sai na hango ta a ƙarshen baranda tana gaisawa da wasu mata, tana nuna musu ƙofar da dokta surukinta zai fito. Kafin in isa wurinta sai ga su sun kunno kai.

Wata Madam ce a gaba, gajeriya mai furfura a gefen kai, da tabarau rataye a sarƙa. Bayanta shugaban asibiti, da babbar nas, da likitan ɗakin, da mai ɗaukar hoto. Sulemana yana gefe cikin sabuwar kwat, fuskarsa tana walƙiya. Ya hango ni ya ɗan ɗaga gira, irin ta ki gan ni yau. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Suka zarce gadon Kaka, sun bi ta nesa da Maame Akosua kamar an gargaɗe su. Mma ta kutso ta tsaya a kan Kaka tana murmushi, awarwaro na ƙara. Madam ta sunkuya ta yi tambaya da Turanci, Sulemana ya fassara.

“Kaka, Madam ya ce yaya jikinka?”

“Da sauƙi, alhamdulillahi.”

Ya juya ya gaya wa Madam cewa ta ce ta samu sauƙi sosai, ta gode. Madam ta gyaɗa kai. Likita ya ce ai yau ma za ta tafi gida. Mai hoto ya ɗaga kyamara. Na dubi Sulemana, na dubi leshin Mma, na dubi zanin da ke kan ƙafar. Na tuna shekarun da na yi ina jin kaico a gidanmu. Sannan na tuna wannan ƙafar ce ta riƙa raka ni makarantar allo ina kuka, tana saya mini ƙosai a hanya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

“Yaya Sule,” na ce, “ina da tambaya ɗaya ga Kaka. Ka fassara wa Madam.”

Mma ta taka mini ƙafa, daidai yatsan da takalmi ke cizo. Ban kula ba.

“Kaka, ranar da Malam Garuba ya rasu, mijinki na gaskiya, da liman ya shigo ya ce Malam yaya jiki, me ya ce?”

Kaka ta harare ni. Amma tsohuwar nan ba ta yi wa mamaci ƙarya. Ta ce, “Ya ce da sauƙi.”

“Sai kuma me ya faru?”

“Sai ya yi salati ya cika.”

Wata tsohuwa a gadon can ta ce, “Haka nawa ma ya ce, Allah Ya ji ƙansa.” Wata ta ce, “To me zai ce? Ya ce da tsanani?” Har Hajiyar ƙarshe mai ƙaramar murya sai da ta ɗaga yatsa, alamar ita ma shaida ce.

Sulemana ya tsaya kamar an dasa shi. Da wani ne, da ya murɗe maganar ya ce tsofaffi suna yi wa Madam addu'a, babu mai kama shi. Amma na gaya muku bai iya ƙarya ba. Ya juya ya fassara mata kalma bayan kalma, har da ta tsohuwar gadon can. Madam ta sa tabaranta. Ni kuma na ce, “Kaka, ki yafe ni,” na yaye zanin.

Mai hoto ne ya fara ja da baya. Babbar nas ta dafe ƙirji. Mma ta ce “Innalillahi!” ta zube a bakin gadon, ɗaurin mai hawa biyu ya karkace. Daga bayanmu Maame Akosua ta samu abin da take jira tun safe.

“Ahaa! Na faɗa! Madam, zo nan kuma, ni ma ina da magana!”

Madam ba ta ɗaga murya ba. Ta tambayi likita yaushe rabon da a buɗe ciwon, ya dubi babbar nas, babbar nas ta dubi siririyar nas, ita kuma ta fashe da kuka ta ce ita kaɗai ce a ɗakin, masu ja take fara bi, kafin ta gama lokacinta ya ƙare. Madam ta karɓi tabilet ɗin daga hannun Sulemana, ta daɗe tana kallon koren dariyar nan jere reras, sannan ta miƙa masa abinsa. Ta ce a buɗe bandejin kowace tsohuwa da ta ce da sauƙi, yanzu, tana tsaye. Kambun da aka zo da shi a cikin kwali, a cikin kwalin ya koma mota.

Kafin azahar an shiga da Kaka ɗakin tiyata. Da likita ya fito ya ce ɗan yatsan ya riga ya tafi, sun cire shi, amma ƙafar za ta tsira. Ya ce da an kai ta gida a haka, da ba yatsa za a yi magana ba. Mma ta yi kuka har kwallinta ya zubo a kan leshi. Da ta share hawaye ta dube ni ta ce, “Allah Ya yi miki albarka.” Sannan ta ƙara da cewa, “Amma ke ba ki iya faɗin abu a hankali ba? Sai a gaban mai hoto?”

Da Kaka ta farfaɗo sosai, la'asar ta yi. Na zauna kusa da ita ina jiran hukunci. Ta daɗe tana kallon silin.

“An cire?”

“An cire, Kaka. Ƙaramin.”

“Dama ba ya aikin komai sai tuntuɓe.” Ta juyo da kai. “Ke kuwa wawuya ce. Ƙafa ɗaya ma ta ishe ni rawa a bikinki. So nake in ga an kai ki kafin in bi Malam.”

“Ni kuma da ƙafa biyu nake son ki raka ni.”

“Raka ki ina? Kin kori mijin namu.”

Na kifa kaina a gefen katifarta na yi kukan da na riƙe tun safe. Ta ɗora hannu a kaina tana cewa in tashi kada in ɓata mata sabon zanin gado, ba a san ranar da za a sake ganin irinsa ba. Siririyar nas ta zo duba ruwan da ake ƙara mata, ta ce wa Kaka, Maame, yaya jiki? Kaka ta buɗe baki, na ɗago na zuba mata ido. Ta yi tsaki ta ce, “Yana zafi, 'yar nan. Kamar an sa wuta.” Maame Akosua ta tafa mata.

Sulemana kuwa ban sake ganinsa ba. An ce an kira shi ofishin shugaba, an rufe ƙofa. Na duba waya, ya buɗe saƙona na safe, bai amsa ba. Muka koma gida, Mma ta zauna a tsakar gida da kular tuwon da ba wanda ya taɓa, tana tambayar bango ko ta ci gaba da shirin Lahadi ko ta bari. Matan layi suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, wai sun zo gaida mai jiki, alhali mai jikin tana asibiti.

Bayan magariba na shige ɗaki, na cire rigar duwatsun, na zauna a bakin gado da waya a hannu. Na rubuta dogon ban-haƙuri na goge. Na rubuta cewa na kira shi bai ɗauka ba, na goge, don kada ya zama ina kare kaina. A ƙarshe abin da na iya turawa shi ne, “Yaya Sule, yaya kake?”

Ya buɗe nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Mma ta leƙo ta labule ta ce, “Shi ne? Me ya ce? Suna zuwa?”

Saƙon ya shigo. Kalma biyu ne, kuma a karo na farko tun da na san shi, ya nemo ƙ mai lanƙwasa ya sa a wurinta.

“Da sauƙi.”

Mma ta karanta ta saman kafaɗata, ta buɗe baki za ta ce alhamdulillahi, sai ta fasa. Ta zauna kusa da ni a bakin gadon, muka zuba wa wayar ido mu biyu.